Jan kuros (alamar X) a sikirin ɗin jirgin sama, a yi odar sabo ko a fara duba wayoyin da ke haɗe da shi?

Wani ɗan'uwa mai koyon gyaran jirgin sama ya turo min saƙo: "Malam barka da aiki. Ƙaramin jirgin da muke kula da shi yana da sikirin Garmin G5 guda biyu masu nuna wa matuƙi bayanan tafiya, kwanan nan jan kuros ke fitowa a wurin da ake ganin alkibla, ya zo ya tafi, musamman in inji na aiki. Alhaji mai jirgin yace kawai a yi odar sabon sikirin. Mu saya?"

Toh ɗan'uwa, ka ba Alhaji haƙuri ya riƙe dalarsa tukuna. Kuros ɗin nan ba yana nufin sikirin ya mutu ba, ai da ya mutu ko kuros ɗin ba zai iya zana maka ba. Cewa yake bayanin da yake jira bai iso ba, ko ya iso amma bai yarda da shi ba, shi ya sa ya toshe wurin maimakon ya nuna wa matuƙi ƙarya. Ɗan aike ne kawai.

Alkiblar nan daga wata 'yar na'ura take zuwa, GMU 11, mai jin maganaɗisun ƙasa, galibi can cikin fiffike ko wajen wutsiya ake ɗaura ta nesa da ƙarfe da manyan wayoyin wuta, sai ta turo bayani ta layin CAN, wato wayoyi biyu a murɗe da duk na'urorin ke rataye a kansu, irin wanda ke cikin motocin zamani, Bosch ne ma suka fito da shi a 1986. Kowane ƙarshen layin akwai resisto mai ohm 120. Kashe wutar jirgin gaba ɗaya ka sa mitar auna ohm tsakanin wayoyin biyu. Ka ga 60, lafiya lau. Ka ga 120, ɗaya resiston ya fita ko waya ta tsinke a hanya. 40 kuwa wani ne ya ƙara na uku, kusa da sifili kuma wayoyin sun haɗe.

Amma ni abin da nafi so ka lura da shi: duka sikirin biyun ne ke rasa alkibla lokaci ɗaya? In haka ne wallahi da wuya ace su biyun suka lalace tare, matsalar tana baya. Kuma tunda sai inji na girgiza take tashi, zargina na kan fin, wato ɗan tsinken ƙarfen da ke cikin soket, da yayi sako-sako, ko wayar at, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen jirgi, da ta kama tsatsa. Sa wani ya zuba wa sikirin ido kai kuma kana ɗan motsa wayoyin da hannu ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa a nan asiri ke tonuwa.

In duk an bi wannan kuma ta tabbata na'urar ce da kanta ta lalace, sikirin ko GMU 11, sai a saya wajen dila na gaskiya da takardar shaidar ingancinta, wato 8130-3, kar a kwaso ta hannu a intanet don araha. Kai kuma tunda koyo kake, injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ne zai duba ya sa hannu kafin jirgin ya tashi.

Wata ƙanwa kuma tace tana son shiga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wai ta sayi kayan simuleto, wato na kwaikwayon tuƙin jirgi a kwamfuta, masu tsada don ta saba da waɗannan gargaɗin?

A'a ƙanwata, kwamfuta mai ɗan ƙarfi da joyistik ɗaya sun isa. Manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi ta X-Plane tana da wurin da za ki kashe na'ura da gangan ana cikin tafiya, ki ga kuros ya fito, ki koya wa idonki komawa kan na'urorin ajiya ba tare da kin rikice ba. Ki riƙe launukan tun yanzu: ja a ɗau mataki nan take, ruwan ɗorawa a lura a shirya. Sauran kuɗin ki adana, na makaranta yana nan yana jiranki.