Amsa ga Hajiya kan 'yar riƙo da harajin Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya, na ji muryarki tun ɗazu, ina tuƙi ne. Kin ce 'yar aminiyarki tana hannunki a nan Bronx ta New York, uwar ta koma Kano, kina so ki sa ta a takardar harajinki.

To, inda gizo ke saƙar, riƙon da muka sani a gida, wanda uwa za ta ce "ga ta nan, amana", hukumar harajin Amurka, wato IRS, ba ta san da shi ba. A wurinsu, ɗan riƙo shi ne wanda kotu ko hukumar kula da yara ta damƙa miki shi da takarda a hannu. Da 'yar yayarki ce ko 'yar ƙaninki, ba sai an je kotu ba, jini ya wadatar. Sai dai ta zauna gidanki fiye da rabin shekara, kuma ba ta kai 19 ba, ko 24 in karatu take yi cikakken lokaci. Shi rangwamen harajin yaran nan da kowa ke hange, dala 2,200 a harajin 2025, sai wadda ba ta kai 17 ba kuma tana da lambar Social Security.

Amma 'yar aminiya, ba kotu ba hukuma, hanyarta daban ce. Dole ta kwana ta tashi a gidanki shekarar nan gaba ɗaya, daga Janairu har Disamba, ke ce kike ɗaukar fiye da rabin cinta da shanta da suturarta. Abin da za ki samu dala 500 ne. Ni da ni ce ke, in zaman zai yi tsawo, zan nemi kotu ta ba ni riƙon a hukumance, ko don asibiti da makaranta ma.

Af, masu tura kuɗi ga yara a Maradi ko Kumasi, don Allah kada ku sa su. Yaron da yake zaune can, in ba ɗan ƙasar Amurka ba ne, ba ya shiga, ko nawa kake aikawa.

Hajiya, in mahaifinta yana nan ƙasar, ki kira shi kafin ki tura. In ya riga ki sa lambarta a takardar harajinsa, kwamfutar IRS tana iya dawo da taki. Ki kuma ajiye takardar makarantarta mai adireshin gidanki, ita suke tambaya. Sai an jima.