Ɗiyata Ta Buɗe Shafi na Biyu da Sunan Aro

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gano cewa ɗiyata mai shekara 15 tana da shafi biyu a Instagram, ɗaya da sunanta na yanka wanda mu dangi muke bi, ɗayan kuma da sunan aro da hoton fure. Hankalina ya tashi ƙwarai. Shin in ƙwace wayar ne? Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Baiwar Allah, ki dakata da batun ƙwace waya tukuna, domin shafi na biyu shi kaɗai ba shaidar laifi ba ne. Facebook ne ke sharɗanta sunan da aka san mutum da shi, amma Instagram bai hana laƙabi ba. Matasa da yawa suna barin shafin asali ga iyaye da malamai, su keɓe ɗayan ga ƙawaye 'yan kaɗan, inda za su yi raha ba tare da idon manya a kansu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yaudarar da sunan aro ke yi wa mai shi. Yarinya takan ɗauka ta ɓuya, alhali idan lambar wayarta na haɗe da shafin, manhajar za ta iya nuna shi ga waɗanda suka ajiye lambar, kuma kayan makaranta a hoto ɗaya sun isa a gane ta. Abin da ta rubuta wa mutum goma ma, ɗayansu zai iya ɗaukar hotonsa ya yaɗa.

Ki tambaye ta shekarar haihuwar da ta rubuta a can. Tun watan Satumba na 2024 Instagram ya fara rufe shafukan 'yan ƙasa da shekara 18, ta yadda sai wanda suka amince da shi zai gani, kuma wadda ba ta kai 16 ba sai da izinin iyaye za ta sassauta wannan tsari. Idan ta ƙara wa kanta shekaru, kamar yadda wasu ke yi, ta raba kanta da wannan kariya.

Ku zauna cikin lumana ta nuna miki jerin masu bin ta, ba lallai sai kin karanta saƙonninta ba. Duk wanda ba ta san fuskarsa a zahiri ba, ta cire shi, domin babba ma yana iya fakewa da sunan yarinya. In kuwa wani yana neman hotunanta ko yana yi mata barazana, kada a goge saƙonnin, a adana su a kai rahoto ga kamfanin da hukuma.