Hajiya, kar ki tura kuɗi a kan wannan Turancin tukuna

Wata Hajiya mai sayar da duwatsun ado da tsakiya a Kano, irin waɗanda teloli ke mannawa a leshi da abaya, ta turo min tambaya. Ta samu wani ƙaramin kamfani a Jamhuriyar Cek da ke yin duwatsun gilas, tana so ta riƙa saye kai tsaye ta huta da dillalan Dubai. Ɗanta ne ke rubuta mata saƙo, ita kuma yarinyar da ke amsa musu daga can ta faɗa da bakinta cewa har yanzu koyon Turanci take. A saƙon ƙarshe ta ce farashin da ta bayar ballpark figure ne, action price ne, it's a steal, kuma we can eventually give 5% discount. Hajiya na tambaya ko ɗan nata ya zauna ya haddace irin waɗannan karin maganar don kar a raina su, kuma ko ta tura kuɗi a kan wannan farashin.

Hajiya Allah ya ƙara buɗi ya sa albarka a nema. Kar ki tura ko kwabo tukuna, ba don ina zargin mutanen ba, a'a, wurin da kika dosa wuri ne na gaske, yankin Jablonec nad Nisou da ke arewacin ƙasar ya daɗe da suna a duniya wajen tsakiyar gilas da duwatsun kwalliya, can ne ma hedikwatar Preciosa, kamfanin da ya yi suna wajen duwatsun gilas, take, kuma mu Kanawa ba baƙin kayan Cek ba ne tunda kamfanin takalma na Bata ɗin nan da har yau ake kiran wani waje a Sabon Gari da sunansa a garinsu na Zlin aka kafa shi a 1894. Matsalar ita ce har yanzu ba a ba ki farashi ba, abin da ke hannunki hira ce kawai.

Shi ballpark figure ɗin nan daga Amurka ya fito, daga filin wasansu na ƙwallon sanda, ma'anarsa ƙiyasi, wato "wajen kaza dai", zai iya hawa zai iya sauka. It's a steal kuma ba sata take nufi ba, hankalinki ya kwanta, cewa take kayan sun yi araha kamar kyauta, maganar bakin mai talla ce irin ta "wallahi faɗuwa na yi". Waɗannan biyun a aji aka koya mata su, don masu koyon Turanci a can kamar na ko'ina akan ba su jerin karin magana na kuɗi da sayayya, su cost an arm and a leg na abu mai ɗan karen tsada, in the red na wanda bashi ya yi wa katutu, break even na ciniki ba riba ba faɗuwa, shi ke nan ɗalibi ya ƙosa ya gwada su a kan kwastoma.

Sauran biyun su ne suka fi damuna, don su ba karin maganar Turanci ba ne, yaren Cek ne ya sa rigar Turanci. A kantunansu in an yi rangwame na ɗan lokaci akce suke cewa, to mai koyo sai ya ɗauko action ya liƙa, kin ga action price na nufin farashin garaɓasa ne mai wa'adi, kuma ba ta faɗa miki ranar da zai ƙare ba, kina iya gama haɗa kuɗi ki samo dala da ƙyar a ce miki ai wancan ya wuce tun makon jiya. Eventually kuwa a wurin Bature na nufin daga ƙarshe dai za a yi, amma su suna da eventuálně wadda ke nufin mai yiwuwa, in hali ya yi, kuma mutanen Cek da yawa suna musanya su ba su sani ba. Ɗanki ya karanta ya ce miki Mama an yi mana alkawarin ragin kashi 5, ita kuma a zuciyarta ta ce ne watakila. In kin lissafa ribarki da wannan kashi 5 ɗin, har kin yi wa telolinki alkawarin farashi, ke za ki cike giɓin daga aljihunki kuma ba wanda za ki kama da laifi don ita a ganinta ba ta yi ƙarya ba. Haka in ta rubuto actual price, galibi farashin yau take nufi, gobe yana iya canzawa.

To batun ɗanki ya haddace karin magana, ya koya don ya gane in an faɗa masa, wannan yana da amfani, amma kar ya rubuta ko ɗaya a saƙon ciniki. Ke Bahaushiya, ita 'yar Cek, Turancin nan aro ne a wurinku duka, in kowa ya fara burga da abin da bai gama iyawa ba kuɗinki ne a tsakiya. Kuma wasu suna da kaifi, misali in yana so ya ce kaya sun yi tsada ya rubuta rip-off, to ya ce mata macuciya ke nan, su kuma ba su saba da irin tayin da muke yi a Kwari ko Kurmi ba inda za a yi ta albarka ana dariya, yawanci ragi a wurinsu da yawan kayan da ka ɗauka yake tafiya. Shi ma namu Turancin na kasuwa, su how much last da dash me, ba za ta gane ba, batun gyara kuwa sai dai ya nemi samfur kyauta a fili. Ba wanda zai raina ki don kin rubuta gajeriyar jimla, mai sayarwa lambar odarki yake kallo.

Ki sa shi ya nemi takardar proforma, wato takardar farashi da mai sayarwa ke bayarwa kafin a biya, wadda dama sai da ita bankinki zai buɗe miki Form M, takardar shigo da kaya Najeriya, kuma ya tambayi abubuwa ɗaya bayan ɗaya kamar yana magana da ɗan firamare. Da wane kuɗi ne farashin? Don ƙasar ta shiga Tarayyar Turai tun 2004 amma har yau ba ta amfani da yuro, kuɗinsu koruna ne, a takarda za ki ga Kč ko CZK, kuma a 'yan shekarun nan yuro ɗaya na kai-kawo wajen koruna 24 zuwa 25, kin ga in aka rikita su ba ƙaramin rami ba ne. Sannan ki zuba ido a kan waƙafi, su inda mu muke sa ɗigo a lissafi waƙafi suke sawa, dubbai kuma fili suke bari, in ta rubuta 2,150 tana nufin biyu da ɗan ɗoriya, ba dubu biyu da ɗari da hamsin ba, in kuma ta rubuta 2 150 to shi ne dubu biyun. Na san mutum zai ce ai hankali zai nuna, amma a kayan da ake sayarwa wani da kilo wani da gross, wato dozin 12, guda 144, hankali ba ya nuna komai sai an rubuta. A tambaye ta kuma ko akwai harajinsu na DPH, wato VAT, a ciki, kashi 21 ne, kuma kayan da aka fitar waje da Tarayyar Turai ba a ɗora musu shi in an yi takardun fitarwa daidai, kar ki biya abin da ba naki ba.

Sai ɗauko kaya. Ƙasar ba ta da teku, in ta jirgin ruwa ne sai an bi da kayan ta tashar wata ƙasa kamar Hamburg ta Jamus, shi ya sa haruffa ukun nan na Incoterms 2020, wato ƙa'idojin ciniki na duniya da ke nuna wa zai ɗauki nauyin kaya daga ina zuwa ina, suka fi duk wata karin magana muhimmanci. In ta ce EXW to daga ƙofar masana'antarsu komai a wuyanki yake, in CIF Legas ne su za su biya jirgi da inshora har tasha, kwastan da sauran ɗawainiya naki. Duwatsu ba su da girma, odar farko ni da na ce ki yi ta jirgin sama, 'yar kaɗan, ki ga launi da girman da idonki ki ba teloli biyu uku su gwada ko gam ɗin yana riƙewa bayan wanki. Su kansu suna da karin magana a kan mai sayen zomo a cikin buhu, mu muka ce ba a cinikin biri a sama.

Kafin kuɗi su bar hannunki ki nemi lambar rajistar kamfanin, IČO suke ce mata, lamba 8 ce, ɗanki ya saka ta a shafin ARES na ma'aikatar kuɗinsu, kyauta ne, zai ga sunan kamfanin da adireshinsa da ranar da aka kafa shi. Sunan da ke kan asusun banki ya zama shi ne ke kan proforma, lambar asusun ta ƙasa da ƙasa, wato IBAN, ta fara da CZ. In rana tsaka saƙo ya shigo cewa sun canza asusu a tura wani a wata ƙasar, ko da sunan yarinyar ne a ƙasa, a tsaya, a kira lambar wayar da kuka saba kira tun farko a ji daga bakinta, 'yan damfara suna kutsawa cikin imel su zauna shiru sai ranar biya.

Saƙon da zai tura mata yau kar ya wuce layi shida: nawa ne gross ɗaya na girma kaza launi kaza, da yuro ko koruna, farashin zai tsaya har zuwa wace rana, ragin kashi 5 ɗin eh ne ko a'a kuma daga gross nawa yake farawa, EXW ne ko har filin jirgin Malam Aminu Kano, kwana nawa kayan za su yi kafin su fito. In ta amso ki turo min proformar in duba miki kafin ki je banki.