Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan toshewar bakin mahaifa da ciwon mara

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ciwon nan na san shi, na kuma san yadda ake raina mai shi. Kin ce tun wankin cikin da aka yi miki bayan ɓari al'adarki ta koma ɗigo-ɗigo, jinin baƙi, mara kuwa kamar naƙuda, likita a nan Daura ya ce bakin mahaifa ne ya tsuke, kina tambayar ko motsa jiki zai buɗe shi da kuma abin da za ki sha.

Motsa jiki ba ya buɗe shi. Gara in faɗa miki tun yanzu kada ki ɓata wata shida kina jira. Hanyar bakin mahaifa siririya ce, tsawonta wajen santimita 3, idan aka ji mata rauni wajen wankin ciki, ko haihuwa mai wuya, ko ƙona wurin a asibiti, sai ta warke da tabo, tabon ya ɗaure ta. Mahaifa tana matsawa don ta fitar da jini, ƙofa a tsuke, shi ne murɗawar da kike ji har ƙugu da cinyoyi. Jinin da bai fita ba yana taruwa, wani ya bi bututun ƙwai ya koma cikin ciki, idan ƙwayar cuta ta same shi ya zama mugunya. Wani lokaci ma ba bakin kaɗai ba ne, bangon mahaifar ne ya manne da juna, shi ya sa jinin ya ragu.

Don Allah, don Annabi, kada ki cusa komai a gabanki. Yanzu za ki ga masu sayar da matsi sun cika miki waya, wannan ta ce nata yana narkar da daskararren jini, waccan ta ce kwana 3 ya buɗe mahaifa. Wallahi abin nan yana ƙona min rai. Garin da ba a san me aka haɗa ba, wani da kanwa, wani da gishiri, a ƙulla a ce mace ta kwana da shi. Kanwa cin nama take yi. Fatar wurin ta saɓule, ta warke ta manne, wadda bakin mahaifarta ne kawai ya tsuke sai ta wayi gari gaban ma ya toshe, kwanciyar aure ta gagara, sai an yi aiki. Wadda ta sayar ta karɓi kuɗinta ta kashe waya. Haka masu cewa a kai wa wanzami ya yi yankan gishiri. Aska ba ta kai wa bakin mahaifa, mafitsara take samu, daga nan sai yoyon fitsari, sai Babbar Ruga, asibitin masu yoyon fitsari da ke Katsina. Ga kuma na cikin gida masu cewa raki ne, kowace mace tana haila, ki tashi ki ɗora girki. Mace tana birgima a ƙasa, tana amai, zufa ta jiƙa zani, a ce raki! Ba su san ciwon ba shi ya sa.

Ki nemi likitan mata, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, shi ma a Katsina, idan nan kusa ba a samu ba. Ki je da katinki na wankin cikin. A fara da gwajin ciki, sannan hoton mara, kuma ya fi nuna jinin da ya taru idan an yi shi a kwanakin da ciwon ya tashi. Buɗewar da wasu sandunan ƙarfe santala-santala ake yi, a fara da mafi siranta a riƙa ƙara kauri, bayan an kashe zafi ko an sa ki barci. Wani likitan yana ba da misoprostol kafin aikin don wurin ya yi laushi, amma kada ki saya da kanki, idan akwai ƙaramin ciki zubar da shi zai yi. Saboda tabo yana son komawa, akan bar 'yar roba a hanyar na wani lokaci. Ki tambaya ko za a sa miki, da ranar cirewa, kuma ki koma ranar. Idan kina neman haihuwa ki faɗa tun farko, don a duba bututun ƙwai ma.

Maganin ciwo kuwa, kuskurenmu jira. Sai ciwo ya kai intaha sannan a nemi ƙwaya. Sinadarin da ke sa mahaifa murɗawa jiki yana fara zuba shi tun farkon al'ada, shi ibuprofen hana haɗa shi yake yi, don haka ki fara sha kwana ɗaya kafin ranar da kike sa rai, ko da zarar kin ji alamar farko. Miligiram 400 duk awa 8, bayan kin ci abinci, kwana 2 zuwa 3. Ko mefenamic acid 500 sau 3 a rana. Ɗaya za ki zaɓa. Abin da ake yi a wasu kemis, a ƙulla miki ibuprofen da diclofenac da piroxicam a leda ɗaya, duk dangi ɗaya ne, olsa da ciwon ƙoda suke jawowa. Paracetamol ana iya haɗa shi da ibuprofen, ƙwaya 2 na 500, kada ya wuce sau 4 a yini. Mai olsa, ko asma, ko ciwon ƙoda, ko wadda take zargin ciki, ta tsaya a paracetamol har ta ga likita. Allurar Penta da Tramadol kuwa ki guje musu, mata da yawa ta ƙofar ciwon mara suka shiga shaye-shaye, ba don sun lalace ba, don an saba musu da allura duk wata.

Ruwan ɗumi a gora, ki naɗe da tsumma, ki ɗora a mara minti 15 zuwa 20. Kada ki yi barci da shi a jiki. Shayin citta ma yana taimaka wa wasu, rabin ƙaramin cokali na gari a kofi, sau 2 ko 3 a rana.

Motsa jikin yana rage ciwo, amma sai an ɗore, kuma a sauran kwanakin wata ake yin sa. Tafiya mai ɗan sauri, irin wadda za ki yi zufa amma kina iya magana, minti 45 sau 3 a mako. Ki fara da minti 15 ki riƙa ƙarawa. Da zafin nan namu sai bayan Asuba ko gab da Magariba, idan fita ba ta yiwuwa zagayen tsakar gida ya wadatar. Ki ba shi wata 2 zuwa 3 kafin ki ce bai yi ba. Ranar ciwo kuwa miƙa kawai: ki kwanta rigingine a tabarma ki jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ki riƙe daƙiƙa 30, sau 5. Sai ki durƙusa ki zauna kan dugaduganki, ki kifa goshi a ƙasa, hannuwa a miƙe gaba, kina jan numfashi a hankali har ciki ya kumbura, minti 1 ko 2. Sai rarrafe, ki gantsara baya sama ki sauke, sau 10. Banda ɗaure ciki da ɗankwali tamau, banda atisayen matse gaba da ake yawan turowa, yana iya ƙara ɗaure tsokokin wurin. Idan motsi ya ƙara ciwon ki tsaya.

Af, masu 'yan mata a gida, yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta ga al'ada ba amma duk wata tana ciwon mara, har marar ta fara tasowa, kada a yi mata zargin ciki a dake ta. Sau da yawa tantanin budurci ne ya rufe ruf, ɗan ƙaramin aiki ne a asibiti.

Ke kuma idan kika ji zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko al'ada ta tsallake sannan ciwo ya soke ki a gefe ɗaya har jiri na ɗibar ki, kada a jira gari ya waye, ciki a wajen mahaifa haka yake farawa. Ki samu littafi ki riƙa rubuta ranar da ciwo ya fara, ranar da jini ya fito, audugar mata nawa kika canza, da ƙwayar da kika sha, ki tafi wa likita da shi.