Amsa ga mai tambayar katin Messi: kada ka fara da kallon sa hannun

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka: wani a Instagram yana tallar katin Messi mai ɗauke da sa hannunsa a kan dala 85, ya ce zai haɗo maka da takardar shaida, kai kuma kana son a duba hotunan a gaya maka ko sa hannun na gaske ne. Na ga wasu 'yan'uwa har sun ɗauko hotuna daga Google suna gwadawa. Na daɗe ina sayen katunan 'yan ƙwallo da na 'yan fim, kuma shawarata ita ce ka ajiye maganar sa hannun tukuna. Shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa.

Dalili kuwa, mai yin jabu yana iya wuni yana koyon sa hannun mutum ɗaya har ya zauna masa a yatsu. Shi kuma tauraron, zaunar da shi ake yi a jibge masa ɗaruruwan sitika ya yi ta ja, na farko daban, na ƙarshe da hannu ya gaji daban. Sau da yawa na jabun ya fi na gaskiyar kyau. Don haka kamanni kaɗai ba ya raba gardama.

Fara tambayar kanka: wane irin kati ne wannan? Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda kamfani, irin su Topps ko Panini ko Upper Deck ko Leaf, ya biya tauraron ya sa hannu, sannan aka zuba shi cikin fakiti. Akwai kuma kati na gama-gari da wani ya ce ya tare tauraron a ƙofar otal ko filin wasa ya sa masa hannu. Na farkon yana da alamomin da za ka bi. Na Topps akan buga "Topps Certified Autograph Issue" a fuskarsa, na Panini kuma a baya za ka ga rubutun da ke cewa kamfanin ya lamunci sa hannun. Na biyun ba shi da komai sai bakin mai sayarwa, sai fa in wani kamfanin tantancewa ya duba shi.

Idan ya ce maka na fakiti ne, aikinka ya yi sauƙi. Duk jerin katunan da kamfani ya fitar yana da lissafinsa, kuma ana samunsa kyauta a shafuka irin su Trading Card Database da Beckett. Nemi shekara da sunan jerin da lambar da ke bayan katin, ka duba ko a wannan jerin an taɓa yin Messi mai sa hannu. Za ka sha mamakin yawan katunan da ke faɗuwa a nan: mutum ya ɗauki kati na gaske mai arha wanda kamfani bai taɓa fitar da shi da sa hannu ba, ya zana masa da shuɗin alƙalamin maka. In kuma katin yana da lamba irin 23/99, wato na 23 cikin guda 99 da aka buga, nemi hotunan 'yan'uwansa da aka sayar, ka gwada wurin da aka buga lambar da siffar rubutunta da launinta. Na taɓa ganin lamba ɗaya, ta kati ɗaya, a hannun masu sayarwa biyu cikin mako guda. Ɗayansu dai maƙaryaci ne, ko duka biyun.

Abin da ya fara tsaya mini a hotunan da ka turo shi ne duka na gaban katin ne, babu na baya ko ɗaya. Mai kaya na gaskiya ba ya ɓoye baya, don a nan hujjarsa take.

Ka kuma karanta tallar da kyau, har ƙasa. Wasu ba ƙarya suke yi kai tsaye ba, sai su cusa "RP" ko "reprint" ko "facsimile" ko "custom" cikin dogon rubutu. Duk ma'anarsu ɗaya a wajenka: bugu ne, tauraron bai taɓa katin ba. In ka kai ƙara su nuna maka ai sun rubuta.

Sai takardar shaidar da ya yi maka alkawari. Ni dai ba na ba ta darajar ko sisi, in ba daga kamfanin tantancewa na PSA/DNA ko JSA ko Beckett ta fito ba, da lambar da zan iya bugawa a shafinsu in ga bayanin kayan. Takarda kowa na iya buga ta a shagon kwamfuta na bakin titi. Ba yau aka fara ba: a Oktoban 1999 hukumar FBI ta Amurka ta kai samame kan wani gungu a binciken da ta kira Operation Bullpen, wanda ofishinta na San Diego ya jagoranta. Babban mai zana musu sa hannu, Greg Marino, yana kwaikwayon na taurarin wasan bezbol su Babe Ruth da Mickey Mantle, har ƙwallon bezbol mai sa hannun Mother Teresa sun yi. Kayan nan da takardun shaida suke fita, domin gungun yana da masu buga masa su. Wanda ya iya ƙirƙiro sa hannu, takarda ba za ta gagare shi ba.

To ko da katin yana cikin gidan roba na PSA ko Beckett, wanda suke rufe kati a ciki bayan sun tantance shi, kada ka saki jiki. Ana yin jabun gidan robar ma. Sukan kwafi lambar wani kati na gaske su buga a lakabinsu, ka duba a shafi ka ga ta fito daidai. Abin yi shi ne, in shafin ya nuna hoton katin, ka gwada shi da na mai sayarwa: inda wutsiyar sa hannun ta ƙare, inda ta ratsa riga, lambar katin. Ka dubi gefen robar, in ya yi fari-fari ko da alamar tsagewa, wataƙila an buɗe an musanya abin da ke ciki. Sannan ka karanta lakabin da kyau, domin wani lokaci sa hannun kaɗai aka tantance, ba katin ba.

Yanzu sai tawada. Nemi ya ɗauko maka bidiyo yana karkata katin a ƙarƙashin fitila. Tawadar maka a saman kati take zama, ƙyallinta daban da na katin, kuma inda layi ya hau layi yakan fi duhu. Wanda aka buga da inji a shafe yake da katin, kuma in ka sa gilashin masu gyaran agogo za ka ga ɗigo-ɗigo ne. Mai kwaikwayo da hannu kuma a hankali yake ja, sai layin ya riƙa rawa, ya tsaya inda bai kamata ba. In sa hannun a kan sitika yake, dubi gefunansa ko an ɓamɓaro shi daga wani kati mai arha aka manna a mai tsada.

Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne na na'urar otofen, wadda ke riƙe alƙalami na gaske ta zana sa hannu. Tawadar ta gaske ce, amma kaurin layin ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, da ɗan ɗigo inda alƙalamin ya sauka da inda ya tashi. Babbar shaidarsa ita ce ka sami kati biyu da sa hannunsu ya yi daidai ƙwabo da ƙwabo, abin da hannun ɗan Adam ba ya yi. A 2017 Beckett ta ƙi tantance wasu katunan Panini Prizm na Dak Prescott, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Dallas Cowboys, saboda irin wannan zargi, kuma Panini ta janye su. Ka ga ke nan ko na fakiti ba a rantse masa ɗari bisa ɗari, amma can akwai kamfanin da za a riƙe. Mutumin Instagram kuwa gobe yana iya goge shafinsa.

Batun farashi ba sai na ja ba. Shiga eBay ka zaɓi kayan da aka riga aka sayar, ko ka duba shafin 130point mai nuna farashin da aka sayar da katuna, ka ga nawa aka biya a zahiri, ka rabu da abin da masu talla ke nema. Ni ban taɓa ganin katin Messi mai sa hannu na kamfani ya kusanci dala 85 ba, ɗaruruwa masu yawa ne zuwa dubbai. In araha ta kai haka, to akwai lauje cikin naɗi.

Wani abu da ya shafe mu musamman: yawancinmu ta adireshin kamfanin jigila a Amurka ko Ingila muke karɓar kaya. A ƙa'idar eBay, kayan da aka tura ta hannun mai jigila na daban suna iya fita daga kariyar mayar da kuɗi, kuma kwana 30 da suke bayarwa na iya ƙarewa kafin katin ya iso hannunka. Don haka duk binciken nan kafin biya ake yinsa. In ta PayPal ne, ka biya ta ɓangaren sayen kaya. Duk wanda ya ce ka tura ta ɓangaren 'yan'uwa da abokai, ko kirifto, ko katin kyauta, so yake ka rasa inda za ka kai kuka.

Koma wajensa ka nemi hoton bayan katin, da sunan jerin da shekara, da sunan wanda ya ba da takardar shaidar da lambarta, da kuma hoton katin kusa da takarda mai ɗauke da ranar yau da ya rubuta da hannu. In ya turo, ka sako su nan mu duba tare. In ya fara cewa akwai wani mai saye da ke jira ka yi sauri, bar masa kayansa.