Wai mece ce ainihin ma'anar kalmar "event"?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kalmar "event" ta rikita ni. A katin bikin yayata an rubuta "events" har huɗu, a littafin tarihi na ga "the events of 1960", sannan a bangon wani otal na ga "in the event of fire". Wai duk kalma ɗaya ce? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Kalma ɗaya ce, malama, sai dai ba ta da takwara guda a Hausa. Duk inda kika gamu da ita, ki fara tambayar kanki: abin nan faruwa ya yi, ko shirya shi aka yi?

Ta littafin tarihi ita ce mai sauƙi: abin da ya faru, amma mai nauyi, wanda za a daɗe ana maganarsa. Samun 'yancin kan Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960 "event" ne. Idan kuwa akuyarku ta shiga gonar maƙwabci har aka yi cacar baki, wannan "incident" ne, kalmar da 'yan sanda da 'yan jarida ke so idan abin ba mai daɗi ba ne. "Accident" kuma haɗari ne ko tsautsayi. Na sha ganin ɗalibai suna cuɗa ukun nan a jarrabawa, maki ya zube a banza.

Ta katin biki kuwa shiryayyen taro ne, mai rana da lokaci da wuri. Kamu, sa lalle, dina, walima, kowanne "event" ne mai zaman kansa. Wannan ma'anar ce ta fi shiga bakinmu, har za ki ji ƙawayen amarya na cewa "event nawa za a yi?" don su san anko nawa za su ɗinka. Ni dai a ganina "taro" ko "shagali" sun wadatar, amma wa ya isa ya hana 'yan mata? A wasanni ma haka take: tseren mita 100 "event" ɗaya ne cikin gasar Olamfik.

Ta bangon otal ce mai wuyar sha'ani, kuma sai an koma tushe. Kalmar ta fito daga Latin, "eventus", wato yadda abu ya kaya, ta shiga Turanci a ƙarni na 16. Wannan tsohuwar ma'ana ta sakamako ba ta mutu ba, ta maƙale a wasu jimloli. "In the event of fire" na nufin idan gobara ta tashi. Babu ruwansa da wani taro. "In any event" shi ne ko ma dai yaya ta kaya. "Eventually" kuma, a ƙarshe, bayan an daɗe ana jira.

A nan 'yan uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci kan yi tuntuɓe. A Faransanci "éventuellement" na nufin mai yiwuwa, idan ta kama. Mutumin Maraɗi zai ce da abokin cinikinsa na Kano "I will eventually pay", a zuciyarsa yana nufin watakila, shi kuwa Bakano ya ji an yi masa alkawarin biya ko ba daɗe ko ba jima.

Idan za ki rubuta da kanki, ki kula da abin da ke biyo baya. "In the event of" sunan abu take ɗauka, kamar "in the event of rain". "In the event that" kuwa cikakkiyar jimla take so: "in the event that it rains". Idan duk sun yi miki nauyi, sa "if" kawai, babu malamin da zai ja miki jan biro.