Shin "integrity" ita ce mutunci?

Tambaya: Malam, na ga tallar neman ma'aikata an ce sai mai "integrity". Wata ƙawata ta ce mutunci ake nufi. Haka ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, ƙawarki ta yi kusa, amma ba ta kai ba. Mutunci abu ne da wani zai iya taɓa maka: a ci mutuncinka a bainar jama'a, ko a zubar maka da shi alhali ba ka yi laifin komai ba. Ita kuwa wannan kalma, halin da take nufi babu mai raba mutum da shi sai shi da kansa.

Asalinta Latin ne, daga "integer", wato abu cikakke da ba a gutsura ba. Kalmar ce dai 'yan lissafi suke kiran cikakkiyar lamba da ita. Saboda haka in Bature ya yabi mutum da ita, yana nufin cikinsa da wajensa ɗaya ne. Kishiyarsa shi ne wanda Bahaushe ke cewa Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Je ki kasuwar hatsi ki ga mai awo. Wani in maigida ne ya zo da kansa, sai ya cika tiya har ta yi tozo. In yaro aka aiko, sai ya sa hannu ya shafe kan, ga gindin kwanon ma an bubbuge shi ciki. Wanda awonsa ba ya sauyawa ko wa ya zo, shi ne mai halin da kike tambaya. A tallar aiki ni zan ce "gaskiya da riƙon amana". In yabon babban mutum ne, dattako ya fi zama daram, ko da yake mu kan jingina shi da shekaru, Turanci kuwa bai damu da furfura ba.

Sai dai a kula, ba kullum take nufin hali ba. Idan bene ya rufta a Legas hukuma ta ce za a yi wa na kusa da shi "integrity test", gwajin ƙarko da ingancin gini ake nufi. Haka kuma "territorial integrity" da ke sashe na 2 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, ma'anarta ƙasa ta zauna ɗaya, kada wata ta yanki yankinta da ƙarfin soja, abin da aka yi ta ambata bayan Rasha ta mamaye Yukiren a 2022.